Carbi a Bakin Mashaya

Duk wanda ya saba bin hanyar Rogo zuwa Ruwan Bago ya san Malam Abdulmumini, in ma bai san sunansa ba, to ya san tarin babur ɗinsa. Tsohon babur ne da ya ga jiya ya ga yau, an ɗaure masa akwatin ƙarfe a baya da igiyar roba, a ciki akwai sirinji, da magunguna, da sabulu, da wani littafi mai baƙin bango. Malamin dabbobi ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wa ƙaramar hukuma aiki, ya ajiye, amma aikin ya ƙi ajiye shi, don saniya ba ruwanta da wai mutum ya yi ritaya. In ciwo ya kama ta, kiransa za a yi, shi kuma zai buga babur ya tafi.

Dogo ne, siriri, mai ɗan doro irin na mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sunkuyo a gindin dabba. Matarsa Talatu ta rasu shekara shida ke nan. 'Yarsu ɗaya, Kausar, tana aure a Karaye, takan kira shi ran Juma'a ta yi masa faɗan rashin cin abinci. Mutane sun yi maganar ya sake aure har bakinsu ya gaji. Gidan nasa ɗaki biyu ne, ɗaya a kulle tun ranar sadakar arba'in. Maƙwabta na aiko masa da tuwo, ya ci rabi, ya rufe rabi ya ɗumama da safe. Kaɗaici dai ya zaunar da shi, ba wani ɓoye-ɓoye, kuma shi ma ya sani.

A bangon ɗakinsa akwai takarda cikin gilashi, shaidar cewa shi ɗan ƙungiyar ma'aikatan lafiyar dabbobi ne tun yana saurayi. Kada ka raina wannan takardar a gabansa. Shi a wurinsa ƙungiya dangi ce. Yakan ce mai sana'ar da ba shi da 'yan'uwan sana'a maraya ne, ko da uwarsa da ubansa suna raye. A da can mujallar ƙungiya takan zo masa sau biyu a shekara, ta biyo motar Gwarzo ta yi kwana da kwanaki a hanya, ya karance ta tas har da sunayen waɗanda suka mutu. Da zamani ya juya aka daina bugawa, aka buɗe zaure a waya, mutum ɗari huɗu da wani abu a ciki. Malam ya yi murna, ya ce yanzu kam ga 'yan'uwa a aljihu. Ina! Wannan ya sami ƙarin girma, a taya shi murna. Wancan surukarsa ta rasu, a yi ta'aziyya. Ranar da Malam ya ɗauki hoton hantar wata saniya da ta mutu a Falgore ya tura, ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin irinta, kwana biyu shiru kamar an aiki bawa garinsu. A na uku wani ya turo hoton fure da gaisuwar Juma'a.

Lukumanu ne ke yi masa dariya a kan wannan. Tare suka yi aiki, Malam ne ma ya koya masa riƙe sirinji, amma shi ya bar aikin daji da wuri ya buɗe shagon maganin dabbobi a Karaye, ya yi tumbi. Duk sanda Malam ya je sayen magani sai Lukumanu ya tsokane shi. Ya ce ƙungiya ta masu ofis ce, masu son sunansu ya fito a takarda a ɗaga musu kujera. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin ƙungiya ta tuɓe riga ta zura hannu a cikin saniya ta jawo ɗan maraƙi ba. Ya ce mutumin daji a wurinsu, sai dai a neme shi ran zaɓen shugabanni. Malam sai ya yi murmushi ya ce, "Lukumanu ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Lukumanu ya ce to, Maigida, shekara talatin kana ɗaga jinkar nan, wa ya kama maka? Malam sai ya ɗaure kayansa ya hau babur.

Gaskiyar magana, akwai wanda ya kama masa, sai dai ba ɗan ƙungiya ba ne. Jibo ne, Bafillacen da rugarsa ke gabas da Ruwan Bago, mai noma gero da dawa kamar kowa, mai garken farfarun shanu da ya gada kaka da kakanni. Sun haɗu tun Malam yana sabon ma'aikaci, lokacin da Fulani ke kora shanu cikin daji in sun hango mai allura. Shekara biyu Jibo yana kallonsa daga nesa kafin ya bari ya taɓa masa ko da maraƙi. Abin da ya sa ya yarda da shi kuwa abu ɗaya ne: Malam bai taɓa tambayarsa shanunsa nawa ba.

Wanda bai zauna da makiyaya ba zai ce wannan wace irin magana ce. To, mutanen Jibo ba sa ƙirga shanu, ba sa kuma so a ƙirga musu. Tsofaffinsu suna tuna zamanin jangali, lokacin da mai ƙirga ke zuwa yau, mai karɓa ya biyo shi gobe. Ban da wannan kuma sun yarda dukiyar da aka sa wa lamba albarkarta guduwa take yi, baki ya kama ta. Ba wai Jibo bai san garkensa ba ne. Kallo ɗaya zai yi da yamma ya ce wance ba ta dawo ba. Kowace da sunanta, ya san uwarta, ya san kakarta. Amma ya buɗe baki ya ce kaza ne, ko ɗan cikinsa bai taɓa ji ba.

Malam ya kiyaye wannan, har ya zama ɗan gida. Hajo, matar Jibo, ta ware masa ƙwaryarsa ta shan nono, tana rataye a jikin bukka, ba mai sha da ita sai shi. In ya zo, Jibo yakan shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, su zauna su biyu suna fuskantar garke, wani lokacin su yi awa guda ba wanda ya ce uffan. Bayan rasuwar Talatu, wannan zaman ne ya riƙe Malam. A duk faɗin duniya nan ne kaɗai yake zama bai ji shi kaɗai ba.

A wannan zaman ne kuma ya gano abin da ya gano. Ya lura duk shekarar da ruwan ƙarshen damina ya makara ya daki harawar gyaɗa bayan an ɗaure ta an ɗora a kan bishiya, to da bazara, in an sauke an ba shanu, sai masu ciki su dinga ɓari, nono ya janye, idon wasu ya yi ɗorawa. Waje harawar kyau gare ta, amma ka buɗe tsakiyar damin ka ga fumfuna ta cinye ta. Ya gaya wa Jibo, Jibo ya gwada, ya ga haka ne, ya koma buɗe kowane dami yana shinshinawa kafin ya zuba. Shekara goma sha tara Malam yana rubuta wannan a littafinsa mai baƙin bango, kuma yadda Jibo ke faɗa haka yake rubutawa: Mai Karyayyen Ƙaho ta yi ɓari, 'Yar Gwanja ta ƙi kiwo, Jar Hajo ta tashi. Littafi bakwai ya cika. Burinsa ɗaya, kafin ƙasa ta rufe masa ido ya tsaya gaban 'yan'uwansa na ƙungiya ya faɗi abin nan, su ji, su ce Abdulmumini na Rogo ya zo da magana.

Sai Allah ya kawo Dakta Rumasa'u. Malamar jami'a ce, yarinya ƙarama, ba ta fi sa'ar Kausar ba, ta zo Rogo ɗibar jinin awaki don wani bincikenta, aka haɗa ta da Malam ya yi mata jagora. Mai ladabi ce, Baba take ce masa, ba ta yarda ya ɗaukar mata jaka. Rana ta uku ya yi ta maza ya nuna mata littattafan. Ta zauna a soronsa tun azahar har la'asar tana buɗawa, shayin da ya dafa mata ya huce ba ta sani ba.

Ita ra'ayinta a kan ƙungiya daban ne da na Lukumanu. Ba ta ɓoye masa ba, ta ce su malaman jami'a dole ne su je taro su gabatar da takarda, in ba haka ba mutum ya tsufa a kujera ɗaya. Amma ta ce ba shi ke nan ba. Ta ce ƙungiya ita ce wurin da abin da mutum ɗaya ya sani yake zama na kowa, a tankaɗe shi a rairaye, wanda ke Sakkwato ya amfana da abin da aka gani a Ruwan Bago. Ta ce abin da ke damunta shi ne masu bincike suna da alƙalami ba su da daji, masu daji kuma suna mutuwa da iliminsu a ciki. Malam ya ji kamar ta shiga zuciyarsa ta karanto. Shekara nawa yana jiran wani ya faɗi haka!

Sannan ta rufe littafin ta ce, "Baba, saura abu ɗaya. Ka ce shida sun yi ɓari. Shida cikin nawa? In babu wannan, ko mun rubuta takarda, kwamitin taron ƙungiya ba zai karɓa ba."

Ya yi mata bayanin al'adar. Ta gane, don ita ma ba baƙuwar ƙasar ba ce, amma ta ce dokar aikin ke nan, shida cikin goma daban, shida cikin ɗari daban. Ta ce ko garke ɗaya ne ya isa, wanda ya fi daɗewa yana bi. Da adadin yau, da haihuwa da mutuwa da sayarwar da ke cikin littafinsa, ita za ta iya lissafawa baya shekara-shekara. Ba za a sa sunan mai shanun ba. Ta ce sunan Malam ne zai zo farko a takardar, nata ya biyo baya.

Mako biyu Malam yana juya maganar. Ya san in ya tambayi Jibo kai tsaye, Jibo zai yi dariya ya ce suna nan yadda Allah ya bar su. Ya gwada haɗawa daga littafinsa, abin ya ƙi, don lafiyayyar saniya ba ta shiga littafin malamin dabbobi. Ya ce wa kansa ai don amfanin makiyayan ne. Ya ce lamba ba ta kashe saniya, shi da ya yi karatu ya san haka. Duk gaskiya ne. Amma a ƙasan wannan gaskiyar akwai wata, wadda bai so ya kalla: yana so a tafa masa, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Wa zai ga laifinsa? Amma dai son zuciya, ɓacin zuciya.

Wata Talata da hantsi ya bi Jibo mashaya. Akwai wata 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki biyu inda shanun ke gangarawa rafi ɗaya bayan ɗaya. Malam ya tsaya a gefe, ya zaro carbinsa, abin da ya saba yi, ba wanda zai ce komai. Ya saki hannunsa a jikin riga. Saniya ta wuce, ya ja ƙwaya ɗaya. Wata ta wuce, ya ja. Da biyu suka matso tare, ya ja biyu. Da wani bajimi ya tsaya yana sosa wuya a jikin kututture, yatsansa ma ya tsaya. Bakinsa yana motsi kamar mai tasbihi, kuma Allah ya sani ba tasbihi yake ba. Ta ƙarshe ta wuce, ya danne wurin da babban yatsa. Tamanin da bakwai.

Da ya ɗago, Jibo na tsaye a ɗaya gefen, ya saɓa sanda a kafaɗa, ba shanun yake kallo ba. Mutumin da ke gane saniya za ta yi ciwo tun kwana biyu kafin ta kwanta, shi ne za a ɓoye wa motsin yatsa? Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, yau tasbihinka da ƙafar shanu yake tafiya."

Malam ya dunƙule carbin a hannu. Da ya ce aboki, na yi kuskure, ga dalilina, wataƙila da an wuce wurin. Amma kunya ta sa ya yi 'yar dariya ya ce haba Jibo, ya cusa carbin a aljihu. Wannan dariyar ta fi ƙirgar muni. Jibo ya gyaɗa kai, ya bi shanunsa. Malam ya hau babur, kuma bai bari yatsansa ya manta ba, yana isa gida ya rubuta lambar ya tura wa Dakta.

Aka karɓi takardar. Bayan wata uku ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya shiga motar Kano. Taron a wani katafaren otal aka yi, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Aka rataya masa suna a wuya. Ya yi ta neman fuskokin da ya sani a mujalla, waɗansu sun mutu, waɗansu ba su gane shi ba. An sa shi ran ƙarshe, bayan abincin rana, a ƙaramin ɗaki, daidai lokacin da ake zaɓen shugabanni a babban zaure. Minti bakwai aka ba shi. Mutum goma sha ɗaya ne a ɗakin, wannan karon bai ma so ya ƙirga ba, idonsa ne ya ƙirga. Ya yi magana, Dakta Rumasa'u tana taya shi da allon hotuna. Kuma a yi wa ƙungiya adalci: wani dattijon farfesa ya miƙe ya ce shekara ashirin yana zargin abin nan bai sami wanda ya bi shi a daji ba, ya riƙe hannun Malam da hannu biyu. Wata mata daga Bauchi ta karɓi lambar wayarsa, ta ce za ta gaya wa makiyayan yankinsu. Aka tafa. Malam ya ji daɗi har idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana neman wanda zai kalla su yi murmushi tare, bai ga kowa nasa ba.

Ran Laraba ya dawo Rogo da takardar yabo. A duk wata ukun nan sau biyu ya je ruga, duka biyun aka ce Jibo ya shiga daji, shi kuma ya karɓi wannan don ya fi masa sauƙi. Ran Alhamis ya wuni a gida, ya sayo gilashi, ya buga ƙusa, ya rataye sabuwar takardar kusa da tsohuwar. Wayarsa tana kan tabarma, a kunne, ba ta yi ƙara ba sai da Lukumanu ya kira yana tsokanarsa wai yanzu sai a ce Farfesa. Ran Juma'a bayan masallaci ya sayi goro da sukari, ya ce yau zai je ya faɗi gaskiya ya nemi gafara, abin da ya kamata ya yi tun a bakin rafi.

Tun kafin ya kashe babur ya hango fata an shanya, an kafe ta da turaku a ƙasa. Ja ce. Ya san ta kamar yadda ya san tafin hannunsa. Jar Hajo ce, saniyar da shi ya jawo ta daga cikin uwarta da hannunsa, wadda Hajo ke tatsa tana yi mata waƙa. Hajo na durƙushe tana wanke ƙore, ta gaishe shi ba ta ɗago ba. Da ya tambaya, ta ce naƙuda ce, ɗan ya zo a gicciye. Tun asubar Alhamis take fama har azahar. Malam ya san wannan aikin, ya yi shi ya fi sau ɗari, rabin awa ne da sabulu da haƙuri. Daga gidansa zuwa nan minti ashirin ne. Ya ce me ya sa ba a kira shi ba. Hajo ta ce ta ɗauko wayar, sannan ta dubi bukkar Jibo, ta ci gaba da wankinta.

Jibo ya fito. Ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya gida, ya gajiya, ya hanya, ya mutanen Kano, bai tsallake ko ɗaya ba, irin gaisuwar da ake yi wa babban baƙo. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a gindin ɗorawar nan, amma ya juya ta, yadda mai zama zai ba garke baya. Hajo ta kawo nono a kofin roba. Ƙwaryar tana nan a rataye a jikin bukka, Malam yana ganinta daga inda yake.

Ya ajiye goron da sukarin. Ya fara magana, ya ce Jibo, ranar nan a mashaya. Jibo ya ɗaga hannu a hankali, ba da fushi ba, ya ce abin da ya wuce ya wuce, kwananta ne ya ƙare, ba wanda ya isa ya ƙara mata. Ba wanda ya ce ƙirga ce ta kashe ta, Jibo ya fi ƙarfin ya faɗi haka. Ya dai dubi fatar, ya dubi Malam, ya ce:

"Sai ka cire ɗaya a takardar taka, Malam, kada mutanenka su ce ka yi musu ƙarya."

Malam ya zauna da kofin a hannunsa. A bayansa yana jin shanun suna dawowa daga kiwo, yana gane kukan wasunsu, 'yan maruƙa suna amsawa daga kan igiyar dangwali da aka ɗaure su. Bai waiwaya ba. Ya shanye nonon don kada a ce ya raina, ya yi godiya, ya tura babur ɗinsa har bakin hanya kafin ya tayar da shi.